Ranar da Ishaku Tela Ya Daka Sakwara

Ishaku Tela ya yanke shawarar gadon ludayin Baba Ndakotsu ne ranar Litinin, tsakanin lomarsa ta uku da ta huɗu.

A layinsu na Fadikpe magidanta huɗu ne ke ciyayya. In an sallame magariba sai kowa ya fito da abin da aka dafa a gidansa, a haɗa a ƙofar gidan Baba Ndakotsu a ci tare. Baba Ndakotsu Banufe ne ɗan Bida, tsohon ma'aikacin gwamnati. Sai Nma mai shagon kayan gini a Tunga, mutumin da kan wuni bai yi magana goma ba. Sai Ishaya malamin firamare, wanda da yake shi ba masallaci yake zuwa ba, shi ke shimfiɗa tabarma kafin su fito. Na huɗun shi ne Ishaku.

Ludayin na ƙarfe ne, an ɗaure mariƙinsa da roba, kuma shekara goma sha tara yana hannun Baba. Mai ludayi shi ke tsame nama da kifi daga kowace miya ya raba. Shi ke zama a jikin bango. In ana suna ko biki a layin, shi ake kira rabon nama. In kuma ya buɗe baki, sai kowa ya yi shiru. Wannan na ƙarshen ne Ishaku ya fi kwaɗayi, don shi kullum cikin magana yake, amma ba a taɓa yi masa shiru ba.

A ranar ce Baba ya ce ranar Juma'a zai koma Bida gaba ɗaya, ranar Alhamis kuma zai miƙa ludayi ga wanda ya dace. Ishaku ya san in ba shi aka ba ba, Nma za a ba.

"Baba, ai ba sai an sha wahalar nema ba," in ji Ishaku. "Mai rabo sai wanda ya san abinci tun daga tukunya. Ni kuwa kakana kuku ne a reluwe, Turawa har faɗa suke yi a kan miyarsa. Abin a jini yake. Wannan sakwarar da kuke sharce kwanonta, wa kuke tsammani ya koya wa Kubura? Lokacin da na auro ta, ko ruwan zafi ta ɗora sai ya ƙone."

Sakwarar Kubura kuwa ba ta da abokiyar gasa a layin, kowa ya sani.

"Allah Sarki," in ji Nma. "Ashe shekara da shekaru ba mu san wanda za mu gode wa ba."

Ishaya ya lashe yatsa ya ce, "Na ji Madam ɗina tana cewa Maman Husna za ta Suleja biki ran Laraba."

"Sai Asabar za ta dawo," in ji Ishaku, kafin kansa ya kamo bakinsa.

"To madalla," in ji Baba Ndakotsu. "Mun daɗe muna cin ta ɗaliba, ran Alhamis sai mu ci ta malami. Ka daka mana da hannunka. In ta yi, ludayi naka ne."

Maganar ta riga Ishaku shiga gida. Ya tarar da Kubura tana ninke kayan tafiya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Husna, ni ce nake ƙona ruwan zafi?"

"Hira ce ta maza, ba za ki gane ba."

"Na gane sarai. Bari in yi maka miya in sa a firji. Dakan kuma in roƙi Sa'adiya matar Nma ta leƙo ta bayan gida."

"Matar abokin takarata? Kina so a gama da ni ke nan?"

"To aƙalla ka saurara. Doyar da za ka saya, ka tabbata..."

"Kubura, mutumin da ke sa almakashi a shadda mai tsada hannunsa ko rawa ba ya yi, doya ce za ta gagare shi?"

Kubura ta ci gaba da ninke kayanta. Ranar Laraba da safe ta kwashe tukwanenta masu kyau ta zuba a sito, ta kulle, ta kama hannun Husna, ta tafi da makullin.

Alhamis da hantsi Ishaku ya hau mota zuwa ƙauyen Garatu, don ya ce doyar cikin gari ta 'yan koyo ce. Damina ta yi nisa, sabuwar doya ta fara fitowa, ga kuma ragowar ta bara a gefe. Ya tsaya wajen wani manomi mai suna Gaiya.

"Na soya ne ko na daka?" in ji Gaiya.

"Sakwara."

"To ɗauki wannan, Oga. Tsoho ne, ya sha iska." Ya nuna wasu ƙanana da suka yamushe.

"Waɗannan masu kama da ƙafar kakata? Manyan mutane zan ciyar." Ya ɗaga wata sabuwa mai kaurin cinya, da danshin ƙasa a jikinta. "Wannan dai."

"Oga, sabon doya ruwa ne a ciki. Ba ya kama."

"A hannunka ne ba ya kamawa."

Gaiya ya ɗaure masa guda uku.

Ishaku ya fere doya yadda yake yanka yadi, wato da barin rara. Sai dai a nan rarar ɓawo ta bi, don haka kusan rabin doyar a kwandon shara ta ƙare. Ya yayyanka sauran manya-manya, ya zuba a tsohuwar tukunyar da Kubura ke dafa ruwan wanka, ya ɗora a gas. Da ta nuna sai ya tsame, ya baza a faranti, ya kunna mata fanka. Hujjarsa ita ce ba a aiki da abu mai zafi, ko riga aka goge sai ta huce ake ninkewa. Ya bar ta tana shan iska ya tafi shago, ya yi awa ɗaya da rabi yana faɗa wa masu karɓar ɗinki cewa daga gobe in za su yi suna, su riƙa sanar da shi da wuri.

Bayan la'asar ya fara daka.

Matan layin sun san dakan juna kamar yadda suka san muryar juna. Na Kubura mai sauri ne, yana da kiɗa. Abin da suka ji a wannan yammacin ya fi kama da mutum yana kafa turke a kan dutse. Bugu ɗaya, shiru, tsaki, sai wani bugun. Doyar ta sandare, taɓarya na sauka sai ta zille ta koma gefe. Ishaku ya cire riga ya ƙara ƙarfi. A ɗagawa ta bakwai taɓarya ta fasa kwanon rumfar kicin. A saukowarta ta sami wani yanki a gefe, yankin ya tashi sama ya tsallake katanga.

Can sai ga kan Sa'adiya ya ɓullo a saman katangar, da ɗan faranti a hannunta.

"Salamu alaikum, Baban Husna. Ga baƙonku ya faɗo mana cikin wanki."

"Ɗanɗano ne na aiko muku."

"Mun gode. Lafiya dai? Na ɗauka gini kuke rushewa."

"Salon reluwe ne. Ba irin naku ba ne."

"Wallahi kuwa," in ji Sa'adiya. Kanta ya sauka, aka ji wasu muryoyi biyu ko uku suna dariya a bayan katangar.

Ishaku ya leƙa turmi. Bayan rabin awa na aiki, doyar ta koma tsakuwa-tsakuwa, kafaɗarsa kuma ta daina amsa kira. Ya zauna a bakin turmin yana haki. A nan ne ya ji ƙarar injin markaɗen Larai daga bakin titi, fuskarsa ta washe. Ya yi mamakin yadda mata suka shekara ɗaruruwa suna kashe kafaɗunsu, ba wadda wannan dabarar ta faɗo wa.

Ya kwashe doyar a bokiti ya fita. Mata shida ne a layi da robobin kayan miya da na wake. Ya wuce su duka ya dire bokiti a gaban Larai, wata Bagwariya mai faɗin kafaɗa da ta shekara goma tana markaɗe a wurin.

"Tela, mene ne wannan?"

"Doya."

"Na gani doya ne. Me ya kawo shi nan?"

"Zamani. Zuba min a inji."

"Inji na ba ya cin doya. Kuma yanzu na gama tattasai da attarugu, ban wanke ba."

"Ba komai, sauri nake yi."

"Ba zai wuce ba sai da ruwa."

"To sa ruwa mana, Larai! Ni zan koya miki aikinki?"

Larai ta dubi matan da ke layi, matan suka dube ta. Wata ta ce, "Ki zuba masa, ba ma sauri." Da gaske kuwa ba wadda ta ƙara yin sauri.

Inji ya karɓi doya ya shaƙe. Larai ta zuba ruwa kofi ɗaya, ya yi tari ya sake shaƙewa. Ta ƙara biyu, ta ƙara uku. Sai ga abu ya fara zubowa ta bakin injin, tsululu, ba fari ba kuma ba ja ba, launin janbakin da ya sha ruwan sama. Ya cika bokiti har kusan baki.

"Ayya, Kubura haihuwa ta yi ba mu ji ba?" in ji wata tsohuwa a layi. "Wannan ai kunun mai jego ne."

"Haka ake fara ta a manyan otal," in ji Ishaku.

"Yaya ake gama ta?" in ji Larai.

Ya ɗauki bokiti ya nufi gida yana tafiya a karkace, abin yana fallatsa masa a wando.

Ƙarfe biyar da rabi ya juye a tukunya ya kunna wuta, da fatan ruwan zai ƙone. Abin ya fara tafasa yana tofa masa a hannu, amma bai yi kauri ba. Ya nemi garin rogo, ya tuna yana cikin sito. Ya girgiza kwaɗon sau biyu, ya ambaci sunan Kubura da wata murya da bai taɓa gwadawa a gabanta ba. Sannan ya tsaya ya yi tunani irin na mai sana'a. Me ke sa yadin da ya saki ya miƙe tsaye? Sitaci. Sitaci kuwa daga rogo ake yin sa, rogo kuma abinci ne. Duk maganganun nan gaskiya ne. Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne, ya saba yayyafa wa garin sitacinsa turare, don kayan masu ɗinki su riƙa ƙamshi.

Ya ruga shago ya ɗauko leda guda, ya juye duka, ya kama tuƙi. Minti biyu abin ya fara nauyi. Minti huɗu muciya ta tsaya cak a tsakiya. Ya ja ta sama, tukunya ta biyo ta.

"Ya kama!" Ishaku ya faɗa da ƙarfi, don a ji a bayan katanga. "Ina Gaiya? Ya zo ya ga kamu!"

Miyar a minti ashirin ya yi ta. Ya zuba manja da ruwa da naman akuya da gishiri a lokaci guda, ya kawo agushi ya watsa a kai yadda ya sayo shi, don ba wanda ya taɓa faɗa masa ana niƙawa. Ana kiran sallah ya danna sakwara a babbar kula da taimakon gwiwarsa, ya rufe, ya yi wanka, ya sa babbar riga.

Ba a taɓa ganin jama'a a ƙofar gidan Baba Ndakotsu irin na wannan magaribar ba. Mata sun tsaya a bakin ƙofofinsu kamar masu shan iska. Larai ta rufe inji da wuri ta zo da kujerarta. 'Yan acaɓa biyu sun kashe babura a gindin mangwaro, sun ce mai suke jira ya huce.

Aka jera kwanuka. Daga gidan Baba an fito da tuwon shinkafa da miyar wake, busasshen kifi ya narke a ciki. Nma ya kawo tuwon masara da miyar kuka mai man shanu. Ishaya ya kawo faten doya da alayyafo, yana ta tururi. Ishaku ya ture su gefe kaɗan ya ajiye kularsa a tsakiya.

"Baba, kafin a buɗe, ina so a san cewa ba hannun mace a ciki."

"Za mu shaida," in ji Baba Ndakotsu. "Bismillah."

Ishaya ne ya fara buɗe miya. Ya leƙa, ya ce, "Tela, maɓallan rigarka sun zube a ciki."

"Agushi ne. Na bar shi da ransa, ya fi gina jiki."

Nma ya buɗe kula. Wani ƙamshi ya tashi ya bi tabarma. Ishaya ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Wa ya sa sabuwar shadda a nan?"

"Babbar rigata ce," in ji Ishaku da sauri.

"A'a, daga cikin kula yake fitowa. Irin ƙamshin kaftanin da ka ɗinka min na Kirsimeti."

Baba Ndakotsu ya wanke hannu, ya kai yatsu zai gutsura. Yatsun suka lotsa abin, abin ya dawo da su. Ya kama gefe ya ja. Sakwara ta biyo hannunsa har tsawon kamu ɗaya, ta ƙara rabi, sannan ta kuɓuce ta koma mazauninta da ƙara, fat! Ɗaya daga cikin 'yan acaɓan ya ce, "Kai!"

"Danƙo ke nan, Baba," in ji Ishaku. "Sakwarar da ba ta da danƙo ai fate ce. Ban da kai, Malam Ishaya."

"A juye ta a faranti mu gani," in ji Baba.

Nma ya kifa kular ya bubbuga gindinta. Da farko ba abin da ya faru. Can ta saki gaba ɗaya, ta faɗo a dunƙule da siffar kular, ta yi tsalle sau ɗaya a kan farantin, ta tsaya tana rawa. Daga ƙofofin gidaje aka ji dariyar da aka daɗe ana dannewa ta ɓalle.

"Tela, haka ake gama shi?" Larai ta ɗaga murya daga kujerarta.

Baba Ndakotsu bai yi dariya ba. Ya ɗauki ludayi ya ajiye a gaban Ishaku. "Mai son rabo, ga abin rabo. Raba mana."

Ishaku ya danna ludayi, ludayi ya zame. Ya sa gefensa, ya sake zamewa. Sai ya laluba aljihun babbar riga ya zaro almakashi da tef ɗin awo, waɗanda ko masallaci ba ya zuwa babu su. Ya auna, ya yanka gida huɗu. A nan kam ba wanda zai ce bai iya ba, don ko da ma'auni aka zo ba za a sami bambanci ba.

"Rabo ya yi adalci," in ji Baba. "Kowa ya ɗauka."

Nma ya ce shi tun rana cikinsa ke murɗawa. Ishaya ya ce likita ya hana shi cin abin da ya fi shi ƙarfi. Baba da kansa ya ce haƙoransa shida suka rage, kuma yana so ya kai su Bida.

"To, Ishaku," in ji shi, "akwai abin da ba ka lura da shi ba, don kullum lokacin kana magana. Mai ludayi shi ke ɗauka a ƙarshe, kuma abin da kowa ya bari nasa ne. Ba a mayar da abinci cikin gida, ba a zubarwa. Shekara goma sha tara ina cinye ƙonannen tuwo da miyar da gishiri ya zarce, don kada matar wani ta ji kunya. Ga kashi huɗu an bari. Cinye, ka tashi da ludayi."

Layin ya yi tsit. Shi ne shirun da Ishaku ya daɗe yana nema.

Ya naɗe hannun riga, ya yanko loma da almakashi, ya tsoma a miya, ya kai baki. Ya tauna. Attarugun injin Larai ya fara gaishe shi, turaren shadda ya biyo baya. Ya ci gaba da tauna. Lomar ba ta ragu ba, sai ma ta kama dasashi na sama da na ƙasa ta haɗa su. Hawaye ya cika masa ido. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, maƙogwaronsa ya ƙi karɓa. Ya dubi farantin, kashi huɗu suna nan, an ɗan ɓalli kusurwar ɗaya.

"Yaya dai, Tela?" in ji Ishaya. "Ka ce wani abu mana."

Lomar ta riƙe wa Ishaku baki. Ya sa yatsa biyu ya tura ludayin a hankali a kan tabarma, har ya taɓa gwiwar Nma. Sannan ya tashi, ya tattare babbar riga, ya zagaya bayan mangwaro.

Baba Ndakotsu ya matsa daga jikin bango, Nma ya koma wurin. Ya ja miyar wake ya fara tsamo kifi, ya ware kashi huɗu, ya tura mafi tsoka inda Ishaku ke zama. Da ya juyo kan farantin sakwara sai hannunsa ya tsaya, don yanzu abin da aka bari nasa ne.

"Baba," in ji Nma, "dokar ta fara aiki yau ne, ko sai gobe?"

"Yau."

Ishaya ya ɗaga kashi ɗaya, ya matsa shi da babban yatsa, ya ja, ya duba shi a hasken fitila. "Kada ka damu, Nma, ba ni biyu. Duron ruwanmu yana yoyo ta gindi, na rasa abin da zai toshe shi."

"Ni ma a ba ni ɗaya," in ji ɗan acaɓa daga gindin mangwaro. "Kujerar babur ɗina ta fashe."

A daidai nan Ishaku ya dawo yana goge baki, idanunsa jajur. Ya zauna, ya jawo kasonsa na kifi, ya dubi Baba Ndakotsu.

"Ka dai ji da kunnenka, Baba," in ji shi. "Har ƙari ake nema."